Yadda jirgin ƙarƙashin teku na takarda ke koya wa yara sirrin nitso

Kwali, almakashi, gam da fenti sun isa a haɗa jirgin ƙarƙashin teku tare da yara. Babba ne zai yanka kwalin a siffar ƙwai, yara su zana tagogi, sannan su manna shi a kan shuɗiyar takarda mai hoton kifaye.

Amfanin aikin yana cikin tambayar da yaro zai yi: yaya jirgin ke nitsewa kuma ya taso? Sai a zana masa tankuna a cikinsa. Idan suka cika da ruwa, jirgin yakan yi nauyi ya nitse. Idan iska mai ƙarfi ta kore ruwan, sai ya taso.

Ƙasan takardar kuwa a shafa masa baƙin fenti, domin hasken rana ba ya wuce zurfin mita 1,000.