Yadda Kogin Haɗeja ke musayar ruwa da ƙarƙashin ƙasa

A ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, babu wani kogi da ke gudana duk shekara.

Jama'a da dabbobinsu, har da dubban shanu da raƙuman da ake kaiwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis, sun dogara ne kan rijiyoyi da tafkunan damina.

Ruwan waɗannan rijiyoyi yana kwance ne cikin yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi, shimfiɗar da Kogin Haɗeja ke ratsawa ta kudu da masarautar Gumel.

Kogi mai karɓa, kogi mai bayarwa

Masana ilimin ruwa sun kasa koguna gida biyu: mai karɓar ruwa daga ƙasa, da mai ba ta.

Kogin Haɗeja yana da halin duka biyun. A inda rassansa, wato Kogin Kano da Kogin Challawa, ke bi ta kan tsauni, ƙasa ce ke tsiyayo musu ruwa.

Amma da zarar ya wuce Wudil ya shiga yashi, sai al'amarin ya juya. Kogin ya riƙa zurarar da ruwansa ƙasa, musamman idan ambaliya ta malale fadamu ta kwanta na tsawon makonni.

Nesa da gaɓa kuwa, kamar a ƙasar Gumel, ruwan sama da tafkuna ne ke wannan aiki: ruwa ya taru a kwari, ya nitse sannu a hankali, ya ƙara wa rijiyoyi.

Rayuwa a cikin yashi

Ruwan da manoma ke tararwa idan sun tona yashin kogi da rani shaida ce cewa kogin bai mutu ba, ya koma ƙasa ne.

A wannan yashi mai danshi ƙananan halittu ke ruɓar da ganye da sauran tarkace, su tace ruwan, su samar da abincin da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kai.

Gaiwa takan binne kanta cikin laka har ruwa ya dawo. Tarwaɗa kan fake a guraben da ruwan ƙasa ke hana su ƙafewa. Gawo kuma, da yake saiwarsa na kaiwa ga ruwan ƙasa, da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da makiyaya suka fi bukata.

Abin da madatsun ruwa suka sauya

Kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya wannan tsari. Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma gudana kusan kullum.

Wannan ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Ta toshe wasu rassa suka bushe, ta karkatar da ruwa ya cinye gonaki a wasu wurare, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.

Inda ambaliya ta daina kaiwa, ruwan ƙasa ya rasa mai ƙara masa, itatuwan gaɓa da wuraren hayayyafar kifi suka shiga wani hali.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun bayan soma shirin Fadama a farkon shekarun 1990, rijiyoyin burtsatse na noman rani sun yawaita, ga kuma injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana da suka biyo baya.

Shi ya sa masana ke ba da shawarar a riƙa sako ruwa daga madatsun daidai da lokacin ambaliya, a yashe kachala, sannan a riƙa auna zurfin rijiyoyi a kai a kai kafin a ƙara haƙa sababbi.