3.4 Daskarewar Jini ga Masu Ciwon Daji da Ake Yi wa Gashi

Tun a shekarar 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya nuna alaƙar ciwon daji da daskarewar jini. Shi kansa ciwon yakan sa jini saurin yin guda, gashi kuwa yakan raunana jijiyoyin da hasken ya ratsa. Ga majinyacin Haɗejiya akwai ƙarin dalili, wato doguwar tafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, yana takure cikin mota ba motsi. Alamar da aka fi gani ita ce kumburi da zafi a ƙafa ɗaya. Kuskure ne a murza ƙafar, domin gudan kan ɓalle ya toshe jijiyar huhu, har ya yi kisa. Wajibi ne a garzaya asibiti.