Abin Da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Kafin Ya Nufi Fadamar Haɗeja

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai waɗansu baƙi su sauka a fadamar kogin Haɗeja ba tare da fasfo ko biza ba. Su ne tsuntsayen ruwa da ke gudo wa sanyin arewacin Turai, daga ƙasashe irin su Finlan da Holan da Rasha, su ratso hamada su zo su yi wata huɗu ko biyar suna kiwo tare da ɗinya da ƙirinjijiya da zalɓe na gida. Sukan fara isowa wajen Oktoba, su juya a watan Maris ko Afrilu. Duk mutumin da ke nufin kai ziyara wannan yanki, ya fi masa alheri ya yi koyi da su, domin a ƙasar Haɗeja ruwa ne ke yanke wa baƙo ranar zuwa, ba son ransa ba.

Dalili kuwa shi ne, kogin ba a nan yake samun yawancin ruwansa ba. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke gangarowa ya danganta da abin da aka saki daga can sama. Saboda haka ana iya wayar gari rana tana haske a Kaugama, amma ruwa yana cin gonaki a Auyo da Kafin Hausa. A damunar 2020 da ta 2022 ambaliya ta rusa gidaje, ta shafe shinkafa, ta kuma yanke hanyoyi a wannan sashe na Jihar Jigawa. Wanda ya taso a watan Agusta ko Satumba don yawon buɗe ido, yana iya ƙarewa a bakin karyayyar gada yana cinikin kwalekwale. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne hanya ke bushewa, ruwa ya kwanta a tafkuna, tsuntsaye su cika. Bayan nan sai zafin bazara, wanda kan haura digiri 40.

Mai tasowa daga Kano zai bi ta Ringim da Gujungu, ya ratsa ƙasar Kaugama kafin ya shiga Haɗeja, tafiyar da ba ta cika wuce awa uku ba idan hanya ta yi kyau. Ranar Lahadi kasuwar Gujungu ke ci, motoci da dabbobi su cushe hanya, sai a yi sammako. Tafiyar dare kuwa ba abin sha'awa ba ce, domin manyan motoci da tankokin mai masu zuwa Nguru nan suke bi, kuma har yanzu mutane ba su manta da gobarar tankar mai da ta ci rayuka fiye da 150 a Majiya cikin Oktoba na 2024 ba. Masauki a Haɗeja ake nema. Ya kyautu baƙo ya riƙe kuɗi a hannu kafin ya bar gari, don mai kwalekwale da mai babur a ƙauye ba su san zancen a jira na'ura ta dawo ba.

Inda aka fi zuwa kallon tsuntsaye shi ne dajin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gabas da Haɗeja. An sa shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, sa'an nan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa. Gaba da shi, a Jihar Yobe, akwai tafkin Dagona, wanda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarta a 1989. Sai dai sunan ya fi shirin karɓar baƙi girma. Ba kowace hanya ce ƙaramar mota ke iya bi ba, yashi ne a wani wuri, taɓo a wani, kuma ciyawar nan ta kacalla ta toshe magudanan ruwa da yawa, har wurin da aka shiga da jirgi bara ya zama ba ya shiguwa bana. Don haka ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikin mutanen wurin, kuma da asuba ko da la'asar, lokacin da tsuntsaye ke tashi kiwo.

Maganar kwalekwale ita ce ta fi kowace nauyi. Kusan kowace damuna sai an ji jirgi ya kife da mutane a Jigawa, galibi saboda an yi masa lodi fiye da ƙima ko kuma an tashi bayan magariba. Baƙon da ya ga bakin jirgi ya kusa daidai da ruwa, ya haƙura ya jira na gaba, ko da za a yi masa dariya. In da hali ya zo da rigar kariya tasa. Ruwan da ke kwance kuma, ko da ya yi garau, ba na wanka ba ne: cikinsa ake ɗaukar tsargiya, wadda alamarta fitsarin jini ce, kuma ba ta bayyana sai an koma gida da makonni. Gidan sauro da ruwan sha mai tsabta ba abin bari a baya ba ne, haka ma bargo, don sanyin fadama da asubar Janairu ya sha ba Kanawa mamaki.

Akwai kuma abin da baƙi na birni ke yawan mantawa, wato cewa fadamar nan ba fili ne marar mai shi ba. Kowane taƙi gonar wani ce ta shinkafa ko alkama ko barkono, kowane tafki akwai masu sun da ke da haƙƙi a kansa, kowane burtali akwai makiyayan da ke bi. Da rani, lokacin da manomi da makiyayi da masunci duk suka taru a kan ruwa ɗaya, zukata ba sa cika yin sanyi. Mutumin da ya fara kai gaisuwa wurin bulama ko mai unguwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, shi ne zai sami mai rakiya da wurin ajiye mota. Ba a ɗaukar hoton mata ko na garken shanu sai an nemi izini. Farauta kuwa haramun ce a cikin gandun.

Wani lokaci masu kamun kifi sukan tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, mai ɗauke da lamba da sunan wani birni na Turai. Masu bincike ne na can suka sa masa don su san inda yake zuwa. Baƙon da aka nuna wa irin wannan zobe, sai ya rubuta lambar da ranar da sunan tafkin, ya miƙa wa ma'aikatan gandun daji.