Awarwaron Duwatsu Da Kwarashi: Tun Ran Gini, Ran Zane

A wannan mako zancenmu a kan duwatsu ne, amma ba irin manyan nan da suka kewaye Garu ba, waɗanda garinmu Dutse ya sami sunansa daga gare su. Ƙananan duwatsun ado na ke nufi, waɗanda a ke saƙa awarwaro da su da kwarashi.

Ga abin da ya kawo zancen. Ana gab da Ƙaramar Salla, 'yar maƙwabciyata, wadda ke aji biyu a sakandare, ta shigo mini da hawaye. Ta daɗe tana tara 'yan kuɗin da a ke ba ta na makaranta, ta sayi duwatsu ja da fari da kore. Ta yi kwana uku tana saƙa, sai ga zanen ya karye a tsakiya, ja ya hau kan fari. Muka zauna muka warware, muka ƙidaya. Ashe jan dutse guda ɗaya tak ta tsallake tun wajen zurawa a zare. Hannunta ba shi da laifi, saƙarta kuwa sumul. Lissafi ne ya kayar da ita.

Ki riƙe wannan tun yanzu. A saƙar awarwaron duwatsu, duk duwatsun a ke zurawa a zare kafin a taɓa kwarashi. Yadda kika jera su, haka za su fito. Tun ran gini, ran zane.

Ba baƙon abu ba ne

Mu ba baƙin dutse ba ne. Kakanninmu sun yi ado da murjani da tsakiya, sun ɗaura jigida, sun sa ƙarau. Bature matafiyin nan Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuwa lissafa duwatsun ado iri iri cikin manyan kayan da fatake ke ƙetaro Sahara da su. A wancan zamani birnin Benis na ƙasar Italiya da yankin Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, su ne suka yi suna wajen yin duwatsun gilashi. A nan gida kuma Masaga na Bida suna narka kwalabe su yi duwatsu da ƙarau, har a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka shahara kan sana'ar hannu.

Saƙa su da kwarashi ma tsohuwar dabara ce. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Turkiyya da Ingilishi suka tsare sun riƙa saƙa 'yan macizai na duwatsu suna sayarwa. Har yau akwai su a gidajen tarihi na Ingila. Irin saƙar macijin nan ita ce za ki koya yau. In ɗaurarre ya iya cin abinci da ita, ina ga ke da ki ke zaune cikin ɗakinki lafiya?

Kayan aiki

Ba su da yawa. Ki nemi kwarashin ƙarfe siriri, mai kaurin milimita 1.25 ko 1.5. Ki nemi zaren auduga mai ƙarfi, irin na saƙar kwarashi, wanda zai shiga kafar dutsen ba da gardama ba. Ulu ba ya yi, gama ya yi kauri, kuma yana da gashi. Sai allura siririya, da almakashi, da tef na awo irin na tela, da faifai ko tire da kika shimfiɗa wa tsumma don kada duwatsu su gangara. Ki duba wajen masu kayan ɗinki da 'yan koli a kasuwar Dutse, ko ran kasuwar Shuwarin. Abin da ba ki samu ba, ki ba mai zuwa Kano saƙo ya duba miki a Kurmi ko Sabon Gari.

Wajen zare, mai koyo ta ɗauki fari ko wani launi mai haske, don ta riƙa ganin inda za ta soka kwarashi. Ki sani kuma dutsen da a ke hango cikinsa ya kan ɗauki launin zaren da ke ciki.

Ki san duwatsunki

Ƙananan duwatsu masu kewaye suna da lamba, kuma lambar tana tafiya a juye: yadda ta ƙara girma, haka dutsen ke ƙara ƙanƙanta. Lamba 6 ya kai wajen milimita 4, kamar ƙwayar dawa. Lamba 8 wajen milimita 3 ne. Lamba 11 kuwa wajen milimita 2, kamar ƙwayar gero. Ki fara da lamba 6 ko lamba 8. Lamba 11 sai hannu ya faɗa.

Ban da masu kewaye, akwai masu kama da ɗigon ruwa, waɗanda kafarsu ke wajen tsinin. Akwai masu kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukarin kwali, da masu kusurwa uku. Akwai waɗanda aka yi wa fuska-fuska don su yi walƙiya. Akwai kuma dogaye kamar guntun tsinke.

Na Japan da na Cek sun fi zama kai ɗaya, amma sun fi tsada. Masu araha a kan sami manya da ƙanana a gauraye cikin ƙulli ɗaya. Ba laifi ki saye su, sai dai ki zauna ki tsince su kamar yadda ki ke tsintar shinkafa, ki fid da karkatattu da masu toshasshiyar kafa. Sa'an nan ki gwada launin. Ki jiƙa kaɗan cikin ruwan sabulu su kwana, da safe ki goga su da farin tsumma. In tsumman ya rine, to, fenti ne a bisa, zai kuwa zuba a hannun mai saye.

Awo da jeri

Ki naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, ki auna wurin da hannun ya fi faɗi, domin ta nan awarwaron zai wuce. In kuwa za ki sa masa maƙulli irin na sarƙar wuya, sai ki auna wuyan hannu ki ƙara rabin inci.

Saƙar tana fitowa kamar 'yar igiya mai rami a ciki, ko wane zagaye da dutse shida. Saboda haka ki riɓa tsawon awarwaron sau shida, shi ne kimanin tsawon jerin duwatsun da za ki zura. Misali, awarwaro mai inci bakwai da rabi yana son jeri mai inci 45, watau yadi ɗaya da kwata. In lamba 8 ne, duwatsun za su kai wajen ɗari biyar. Ki ƙara kaɗan, gama ragowa ta fi kasawa.

Kada ki yanke zaren daga ƙullinsa. Ki zura duwatsun ta bakin zaren, ki riƙa tura su ciki. In zaren ya ƙi shiga allura, ki shafa wa bakinsa gam, ya bushe ya yi tsini, ya zama allurar kansa.

Ga jerin mai koyo: ja biyu, fari biyu, kore biyu, sa'an nan ki koma ja. Ki rubuta shi a takarda ki ajiye gabanki. Duk sa'ad da kika zura kamar tsawon yatsa, ki tsaya ki bi da ido. Kada ki yi jeri kina hira, kada ki yi shi da magariba ido ya gaji. Ki tuna kuma dutsen da kika zura a ƙarshe shi ne za ki fara saƙawa.

Saƙar kanta

Ki bar jelar zare kamar taƙi ɗaya, ki yi zarge, ki sa kwarashi ciki. Ki turo dutse ɗaya ya matso, ki yi sarƙa ɗaya ta riƙe shi. Ki yi haka har sau shida. Yanzu kina da sarƙa shida, ko wace da dutsenta.

Ki lanƙwasa su su zama zobe. Ki soka kwarashi ƙarƙashin zaren da ke riƙe da dutsen fari, ta hagunsa, ki tura dutsen ya koma dama da kwarashi. Ki turo sabon dutse ya zauna bisa kansa. Ki ɗauko zare da bakin kwarashi, ki jawo shi ta cikin duka zare biyun da ke kan kwarashin. Shi ke nan, ɗinki ɗaya ya samu. Ki matsa ga na gaba ki yi haka, ki yi ta zagayawa. Mai hagu sai ta juya abin.

Ga amfanin launi uku ɗin nan. In kina daidai, ja zai hau kan ja, fari kan fari, kore kan kore. Da zarar kin ga kore zai hau kan ja, tsaya. Ko kin tsallake ɗinki, ko jerin ne da kuskure. Zagaye uku na fari su kan zama kamar tarkace, kada ki karaya. Ki zura guntun tsinken tsintsiya cikin ramin ki riƙe, daga zagaye na biyar za ki ga igiya ta fito.

In kin tarar dutse ya yi yawa a jeri, ki rufe shi da tsumma, ki fasa shi da filaya a hankali, kina kula kada ya yanke zaren. In kuwa ya kasa, ba makawa sai ki yanke zare, ki gyara jerin, ki ƙulla, ki ɓoye ƙullin cikin ramin igiyar.

Wasa da launi da siffa

In hannu ya saba, sai ki shiga canza jeri. A zagaye mai dutse shida, jerin da ke maimaituwa bayan shida ya kan ba da zane mai murɗewa kamar tufkar igiya. Wanda ke maimaituwa bayan bakwai ya kan murɗe ta ɗaya gefen. Mai maimaituwa bayan goma sha uku kuwa ya kan miƙe sak bisa tsawon awarwaron. 'Yan makaranta, kun ga inda lissafin aji ya yi rana.

Siffa ma haka. Ki jera ƙanana biyar da babba ɗaya, za ki ga manyan sun yi tudu suna kewaya awarwaron. Ki jera ƙanana biyu, matsakaita biyu, manya biyu, igiyar da kanta za ta murɗe. Ki sa mai ɗigon ruwa ɗaya bayan ko wane biyar, zai fito waje kamar 'ya'yan itace a reshe. Masu kusurwa da masu walƙiya a kan sa su jefi-jefi tsakanin masu kewaye, don su kama haske.

Dogayen nan masu kama da tsinke kada ki sa su a igiya. Ba su kwanciya, kuma bakinsu da kaifi, ya kan ci zare. Su da manyan duwatsu irin na Bida, sarƙa zalla ta fi dacewa da su: sarƙa biyu, dutse ɗaya, sarƙa biyu, dutse ɗaya. Ki yi layi uku, ki haɗa bakinsu, ki sa maɓalli.

Wajen launi kada ki yi haɗama. Biyu ko uku sun isa, ɗaya ya zama uwa, sauran su raka shi. Baƙi da ruwan gwal ba su faɗuwa. Shuɗi da fari suna da sanyin gani. Kore da fari su kan tafi ran 1 ga Oktoba. In na biki ne, ki karɓi ƙyallen ankon ki zaɓi duwatsu a kansa da rana, gama hasken lantarki yana ruɗin ido.

Haɗa baki

Ki tsaya inda jeri ya cika, kada ki yanke shi a rabi. Ki bar jela, ki yanke zare, ki jawo shi ta zargen ƙarshe. Hanya mai sauƙi ita ce ki rufe ko wane baki da 'yar hular ƙarfe, ki sa maƙulli. In kina son marar maƙulli, ki gama baki biyun launi ya dubi launi, ki ɗinke da allura, dutse ɗaya daga nan, ɗaya daga can, har ki kewaye. Ki bi da jelar cikin igiyar ki ɓoye.

In za ki sayar

Ki sami ɗan littafi. Ki rubuta kuɗin duwatsu, da zare, da maƙulli, da kuɗin motar da aka kashe wajen sayo su. Ki raba bisa yawan awarwaron da suka fito, sa'an nan ki ɗora ladan hannunki. Mata da yawa su kan manta da wannan na ƙarshe, su yi ta aiki uwar kuɗi na narkewa. Kuɗin duwatsu kuwa ki ware shi dabam, kada ya shiga cefane. Ki gaya wa mai saye ta cire awarwaron in za ta yi wanki, kada kuma ta fesa masa turare, gama turare yana cin fentin dutse. 'Yar makaranta ta bari sai Asabar da Lahadi ko hutu, karatu shi ne gaba.

Gargaɗi ɗaya, uwargida. Dutsen nan ƙarami ne, yaro mai rarrafe kuwa komai baki ya ke kaiwa. Ki zuba su a kwalba mai murfi, ki ajiye bisa, ki share wurin in kin tashi. In yaro ya cusa dutse a hanci ko kunne, kada ki sa tsinke ki ce za ki ciro, ƙara tura shi za ki yi. Ki kai shi asibiti nan da nan.

Ita kuwa 'yar maƙwabciyata, ta sake jeri tana ƙidaya da ƙarfi kamar mai hadda. Ran Salla ta shigo gaisuwa da awarwaronta a hannu, ƙawayenta biyu na biye suna tambayar nawa za ta yi musu. Mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa.

Wadda ta gwada ta gamu da wuya, ta rubuto mana ta faɗi inda ta tsaya, za mu amsa a wannan fili. Ku gai da yara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.