TSEREN DUSAR ƘANƘARA DA NEMAN ILMI A ƘASASHEN WAJE

Mu nan Nima da Maamobi, sanyin da muka sani shi ne na hunturu, kuma ko shi bai cika kai sati uku yana cizo ba. To amma akwai wani wasa da mutanen ƙasashen sanyi ke yi, wanda ya kamata iyayen yara da malamai su san labarinsa. Mutum yakan ɗaura wasu dogayen katakai sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda biyu, ya yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara, hawa da gangara, kilomita 10 ko ma 50. Wasa ne na masu dogon numfashi, kamar gudun yada-ƙanin-wani.

Baƙar fata ma sun shiga. Philip Boit na Kenya mai gudu ne a ƙasa, kamfanin Nike ya ɗauki nauyinsa zuwa Finlan don ya koya. A gasar Olamfik ta Nagano, ƙasar Jafan, a 1998, shi ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, amma zakaran ranar, Bjørn Dæhlie na Norwe, ya tsaya yana jiransa har ya iso, ya rungume shi. Maƙwabtanmu Togo sun aika Mathilde-Amivi Petitjean, haifaffiyar Kpalime, zuwa Soci a 2014. Nijeriya kuma ta aika Samuel Ikpefan zuwa Bejin a 2022. Sai dai a lura: waɗannan biyun a Faransa suka tashi, kusa da duwatsun Alps, ƙanƙara a ƙofar gida.

Jami'o'in Amurka irin su Yuta, Kolorado da Denba suna ɗaukar gwanayen wannan tsere daga Norwe da Suwidin, su sauƙaƙa musu kuɗin makaranta. Ba kyauta ba ce. Sai an duba sakamakon sakandare tukuna, kuma ɗalibin da makinsa ya faɗi, ajiye shi ake yi komai gudunsa. Lokacin gasa, daga Janairu zuwa Maris, lokacin lacca ne kuma. A cikin mota wasu ke yin aikin gida.

Ɗan Zango ba zai kama ta nan ba, gaskiya ke nan. Amma ga labarin da ya fi kusa da mu. Akwasi Frimpong ɗan Kumasi ne, an haife shi a 1986, ya bi mahaifiyarsa Holan yana da shekara 8. Ya yi shekara 13 ba shi da takardar zama, ga gudu kamar barewa, ba halin fita gasar waje. Da takardu suka samu, a 2008 Jami'ar Utah Valley ta ɗauke shi saboda gudu, ya gama digiri a 2013. Daga baya ne ya koma wasan ƙanƙara, wanda ake kwanciya rub da ciki a gangaro kai a gaba. Har tallan injin shara ya yi gida-gida don ya tara kuɗin horo, kafin ya ɗaga tutar Gana a Koriya ta Kudu a 2018.

Ko ɗanmu Mohammed Kudus, da kowane yaro a lungun Nima ke son zama kamarsa, ta makarantar Right to Dream ya bi zuwa Danmak a 2018, inda ake haɗa aji da ƙwallo, kuma wasu yaran makarantar Amurka suke tafiya karatu.

Abin da ke ba mu takaici, mu malamai, shi ne yaron da zai bar aji a zangon ƙarshe saboda wani dillali ya yi masa alkawarin biza, uwa ta sayar da jarinta na waake da shinkafa, a ƙarshe ba biza, ba jarrabawa. Jami'ar kirki takan nemi sakamakon WASSCE, da lokacin gudun da aka rubuta a gasar makarantu, da fasfo mai shekarun haihuwa na gaskiya. Filin El-Wak kuwa, inda ake irin wannan gasa, daga Nima ko da ƙafa ana zuwa.