Dashen Manhaja a Sabuwar Na'urar Rarraba Intanet: Yadda Ake Yinsa da Amfaninsa ga Ƙasar Gumel

A kusan kowane ofis da intanet ta shiga a yau, ko a Kwalejin Ilimi ta Gumel ne, ko sakatariyar ƙaramar hukuma a Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, akan ga wani ɗan akwati mai eriya biyu ko uku yana ƙyafta fitilu. Shi ne rauta, watau na'urar da ke karɓar intanet daga waje ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke wurin. Mafi yawan masu amfani da ita ba su san cewa ita kanta cikakkiyar kwamfuta ba ce, tana da ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta da manhajar ciki wadda ke tafiyar da ita. Wannan manhaja kamfanin da ya ƙera na'urar ne yake zuba ta, kuma shi ke gyara ta idan an gano wata kafa da ɓarayin bayanai za su iya bi. To, kamfani ba ya dawwama a kan tsohon kaya. Bayan 'yan shekaru sai ya daina gyaran ya koma kan sabon samfuri, a bar mai na'ura da ƙarfe mai lafiya amma manhaja mai ɓaraka.

Asalin buɗaɗɗiyar manhaja

Mafitar da aka samu ta faro ne daga wata rigima a Amurka. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da rauta mai suna WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi kamfanin, masana suka gano cewa an gina manhajar na'urar a kan Linux. Shi kuwa Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana ƙarƙashin lasisin GPL ne, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya sayar da kaya mai ɗauke da shi, wajibi ne ya bai wa mai saye asalin rubutun manhajar. Da aka matsa wa kamfanin lamba, sai ya saki rubutun. Daga nan ne aka kafa OpenWrt a 2004, wadda masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita, kuma a yau nau'o'in na'urorin da take hawa sun haura 1,500.

Sai dai kowace ɗaya daga cikinsu sai da wani ya zauna ya dasa mata manhajar. Dalili kuwa shi ne, kwamfutar tebur tana iya shaida wa manhaja abin da ke cikinta da kanta, amma rauta ba ta da wannan baki. Ba za ta faɗi inda ma'adanarta ta fara ba, ko wace waya ce ke kunna jar fitila. Sai an bincika an rubuta mata.

Yadda ake dashen

Aikin yakan fara ne da sukundireba. A buɗe akwatin, a karanta lambobin da ke jikin ƙwayoyin lantarki, musamman babbar ƙwayar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da rediyo. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera ta, kamar MediaTek da Qualcomm Atheros da Broadcom, kuma a nan ne ake sanin ko aikin zai yiwu. Idan an riga an dasa OpenWrt a wata na'ura mai irin ƙwayar, rabin wahala ya wuce. Idan kuwa mai ƙwayar ya ɓoye manhajar da ke sarrafa rediyonta, kamar yadda Broadcom ya daɗe yana yi, to ana iya samun na'urar ta tashi amma babu Wi-Fi, wanda kuwa shi ne dalilin sayenta.

Sa'an nan a duba girman ma'adana. Iri biyu ce: akwai ta dindindin, wadda take kamar rumbu inda manhaja ke kwana, akwai kuma ta wucin gadi inda ake shimfiɗa aiki, wadda takan share da zarar wuta ta ɗauke. Tun daga fitowar OpenWrt ta 2021, an daina ɗaukar na'ura mai megabayit 4 na rumbu da 32 na wucin gadi. A fitowar ta 2021, mafi ƙarancin da aka sa shi ne 8 da 64, kuma su ma ɗin a takure suke.

Mataki na gaba shi ne neman hanyar jin maganar na'urar. Injiniyoyin kamfani sukan bar wasu 'yan huduji uku ko huɗu a jere a kan allon lantarki, waɗanda suka yi amfani da su lokacin gwaji. Da mita irin ta masu gyaran waya ake gane na ƙasa, da na aikawa, da na karɓa. A liƙa musu wayoyi da dalma, a haɗa da kwamfuta ta wani ɗan mahaɗi mai araha. Wajibi ne a kula cewa yawancin waɗannan alluna da bolt 3.3 suke aiki. Wanda ya ba su fiye da haka yana iya ƙona ƙwayar nan take. Idan an daidaita saurin magana, wanda galibi 115,200 ne ko 57,600, da an kunna na'urar sai rubutu ya fara kwararowa a allon kwamfuta. Mai maganar ita ce ƙaramar manhajar da ke tada na'ura, yawanci U-Boot, kuma a cikin bayaninta akan tsinci girman rumbu da yadda aka karkasa shi.

A nan ne mai gaggawa yakan yi asara. Kafin a taɓa komai, dole a kwafe duk abin da ke cikin rumbun a adana. Akwai wani ɗan yanki a ciki, wanda a na'urorin Atheros ake kira ART, inda masana'anta ta rubuta awon da ta yi wa rediyon wannan na'ura ita kaɗai, sau da yawa tare da lambar shaidarta. Awon na'urori biyu da suka fito daga kwali ɗaya ba ya zama daidai. Wanda ya goge shi ba tare da kwafi ba, rediyon ya raunana ko ya mutu. Wanda kuma ya goge manhajar tadawa, na'urarsa ta zama abin da masu sana'ar ke kira bulo, sai an ciro ƙwayar rumbun an sake rubuta ta da wata na'ura daban. Saboda haka gwajin farko ba a rumbu ake yinsa ba. Akan turo sabuwar manhajar ta wayar sadarwa zuwa ma'adanar wucin gadi, a tada ta daga can. In ta lalace, sai a zare wuta a mayar, na'ura ta koma yadda take.

Zuciyar aikin ita ce rubuta taswirar na'ura, watau ɗan fayil da ke bayyana wa Linux abin da ke kan allon: iyakar kowane yanki na rumbu, da inda awon rediyo yake, da ƙafar da ke kunna kowace fitila, da ta maɓallin sake saiti, da kuma wace ƙofa ce ta shigowar intanet. Wasu abubuwan ba a rubuce suke ko'ina ba, sai a bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa ana duban wace fitila ta kama. Aiki ne na haƙuri fiye da na basira. Daga ƙarshe a shirya manhajar cikin siffar da na'urar za ta yarda ta karɓa, domin kamfanoni da dama suna sa hatimin da ke korar baƙuwar manhaja. In an gama, sai a aika wa masu kula da OpenWrt, su duba, su yi gyara, in sun gamsu su shigar. Daga ranar, duk mai irin wannan na'ura a duniya ya samu.

Abin da ya shafi ƙasar Gumel

Ba baƙon abu ba ne a Afirka. A 2008 aka fara shirin Village Telco a Afirka ta Kudu, wanda ya haifar da Mesh Potato, na'urar da ke aiki da OpenWrt, mai haɗa Wi-Fi da wayar tarho. Da ita mutanen Mankosi, a lardin Gabashin Kef, suka fara hanyar sadarwarsu ta Zenzeleni daga 2012, da wutar hasken rana. A Nijeriya ma Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan da cibiyar CITAD ta Kano sun yi aiki a kan sadarwar da al'umma ke mallaka.

Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da duwatsun da ke tare saƙon rediyo, sai dai bishiyoyi da jigayi, waɗanda dogon ƙarfe ke ɗara su. Manhajar kamfani an tsara ta ne domin ɗaki da falo, amma a buɗaɗɗiyar manhaja ana iya shaida wa rediyo nisan da ke tsakaninta da 'yar'uwarta, ta yadda da eriya mai fuskantar waje ɗaya za a haɗa makaranta da asibiti ko da akwai kilomitoci tsakaninsu, muddin an tsaya a iyakar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince. Ana kuma iya raba data da adalci, kada mai kallon bidiyo ɗaya ya danne akawun da ke tura takardar albashi. Yawancin rautoci da bolt 12 ko ƙasa da haka suke aiki, saboda haka batir da faifan sola sun ishe su. Ga kasuwa irin ta Maigatari, wadda ke cika ranar Alhamis ta sauƙaƙa sauran kwanaki, wannan tsari ya fi dacewa da aljihu.

Ga ɗalibi, kayan aikin ba su wuce mita da dalma da mahaɗi da tsohuwar kwamfuta ba, irin waɗanda ake samu a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Na'urorin da ke shigowa kasuwannin Arewa ba lalle su zama waɗanda masu aikin sa kai na Turai ke gani ba, don haka wata sai an dasa ta daga nan.

Ga ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kaya kuwa, sunan samfuri kaɗai ba ya isa. A 2005 Linksys ya fitar da WRT54G zubi na biyar, da suna ɗaya da akwati ɗaya, amma ya rage ma'adanarta da rabi, ya kuma maye gurbin Linux da VxWorks. Kamfanoni na yin irin wannan har yanzu. Lambar zubin tana kan takardar da aka manna a ƙarƙashin akwatin, kuma ita ya kamata a gwada da jerin na'urorin OpenWrt kafin a sa hannu a kan takardar biya.