A Cikin Gajimare, Jiki Ba Magayi Ba Ne

A shekarar 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka tara matuƙa jirgin sama 20 waɗanda suka iya tuƙi idan gari ya washe, amma ba a taɓa koya musu tuƙi da na'ura zalla ba. Kowanne aka hau sama da shi a ƙaramin jirgi samfurin Bonanza, malami na gefensa, sannan aka tare masa ganin waje, aka bar shi da agogunan da ke gabansa. A cikinsu babu wanda ya iya riƙe jirgin. Wani daƙiƙa 20 kacal ya yi jirgin ya ƙwace masa, wanda ya fi kowa daɗewa ya kai minti 8. Da aka haɗa lissafi, matsakaicin lokacin ya tsaya a daƙiƙa 178. Har yau malaman tuƙi da wannan adadi suke tsorata ɗalibai, kuma suna da gaskiya.

Mutum zai yi mamaki. Gajimare ai tururin ruwa ne da ya taru, ba dutse ba, kuma fiffike bai san bambancinsa da sauran iska ba. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Matuƙin ne ke rikicewa.

A sarari, abin da ke gaya wa matuƙi ko jirginsa a miƙe yake shi ne bangon duniya, layin nan da sama ta haɗu da ƙasa. Da zarar ya ɓace, sai ƙwaƙwalwa ta koma neman labari a wurin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi jinkiri, ya tura wasu siraran gasu, su kuma su aika saƙo. Sai dai wannan tsari farawar juyi da tsayawarsa yake ji, ba juyin kansa ba. Idan juyin ya ɗore kamar daƙiƙa 20 ba ƙari ba ragi, ruwan zai kamo bututun, gasun su koma mazauninsu, ƙwaƙwalwa ta yanke cewa an miƙe. Idan kuwa an fara shi a hankali ƙwarai, ƙasa da digiri 2 a daƙiƙa, ba za ta ma san an fara ba. Wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san ragowar labarin: ka tsaya cik, duniya ta ci gaba da juya maka ta ɗaya gefen. Haka matuƙin da ya daɗe a karkace, idan ya miƙar da fukafukai, sai ya ji kamar yanzu ne ya karkata, hannunsa ya mayar da jirgin inda ya fito.

Kujera ma ba ta taimakawa. Jirgin da ke shan kwana yadda ya kamata yana danna mutum ne kai tsaye cikin kujerarsa, shi ya sa shayin fasinja ba ya zubewa ko da fiffike ɗaya yana kallon ƙasa. To ga yadda ake mutuwa. Fiffike ya sunkuya a hankali, ba wanda ya ji. Hancin jirgi ya bi shi, gudu ya ƙaru, agogon tsayi ya fara raguwa. Matuƙi ya ga yana yin ƙasa, sai ya ja sitiyari don ya hau. Amma jan sitiyari a karkace matse kwanar yake yi, jirgin ya shiga murɗawa yana gangarowa, kowane zagaye ya fi na baya ƙunci, shi kuwa har ƙarshe yana ji a jikinsa a miƙe yake.

Matuƙan farko ba su yarda da wannan magana ba. A ganinsu gwani da jikinsa yake tuƙi, kallon agogo aikin ragwaye ne. A 1926 wani likitan sojan Amurka, David Myers, ya zaunar da matuƙi William Ocker a kujera mai juyawa, ido rufe, Ocker ya kasa faɗin inda ake juya shi. Sai ya saka agogon nuna kwana a cikin akwati mai fitila, ya leƙa ciki aka sake juya shi, ya amsa daidai duk da cewa jikinsa na faɗa masa akasin haka. Ranar 24 ga Satumba 1929 Jimmy Doolittle ya tashi daga filin Mitchel kusa da New York, an lulluɓe mazauninsa ruf, ya zagaya ya dawo ya sauka ba tare da ya ga waje ba. Abin da ya dogara da shi sabon agogon tsayi ne na Kollsman, da siginar rediyo, da na'urar kamfanin Sperry mai zana bangon duniya na wucin gadi. A cikinta akwai ƙaramin faifai mai juyawa da tsananin gudu, wanda ba ya barin tsayuwarsa komai karkatar jirgi. Jiragen zamani sun koma allon kwamfuta, amma hoton bai sauya ba: shuɗi a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, ɗan jirgi a tsakiya.

Saboda haka dokar sama ta kasu biyu. Akwai tashi da ido, inda dole matuƙi ya nisanci gajimare, akwai kuma tashi da na'ura, wanda sai mai shaida ta musamman a kan lasisinsa. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta nemi awa 50 na tafiya daga gari zuwa gari yana shugaban jirgi, da awa 40 na tuƙi da na'ura. A Amurka aƙalla 15 daga ciki sai da malami, har da tafiya guda ta mil 250 na teku, wato kimanin kilomita 460, da sauka iri uku daban-daban. Sannan jarrabawar takarda, ta baki, da ta sama.

Yawancin waɗannan awoyi ɗalibi yana yin su ne sanye da wani tabarau ko hula mai baki da ke hana shi ganin komai sai agoguna. Abu na farko da ake koya masa shi ne yawo da ido: ya kalli bangon duniya na tsakiya, ya leƙa gudu ya dawo, ya leƙa tsayi ya dawo, ya leƙa alƙibla ya dawo, ba hutu. Ɗalibin da ya ƙura wa agogo ɗaya ido don ya gyara tsayi, kafin ya farga alƙibla ta tafi. Idan ya fara samun kansa, malami ya manna takarda a kan na'urar tsakiyar, ya ce ta lalace. Wata rana ya ce masa ya rufe ido ya sunkuyar da kai, ya yi ta wujijjiga jirgin sama da ƙasa, sannan ya ce, “Karɓi jirginka.” Duk wannan kuma ana yi ne jami'in kula da zirga-zirga yana zubo umarni ta rediyo da Turancin sana'a, lamba bayan lamba, wanda dole a rubuta a kuma maimaita masa ba kuskure.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin shi ne, a ƙasa kamar Amurka mutum zai iya kammala duk wannan, ya ci jarrabawa, ya karɓi shaidarsa, bai taɓa shiga gajimare ko sau ɗaya ba. Doka ta yarda da awoyin tabarau. Amma tabarau yana satar amsa. Inuwar rana tana zamewa a kan agoguna idan an sha kwana, gefen ido yana ɗan tsinkayo ƙasa, kuma ɗalibi ya san malami yana ganin waje. A gajimare na gaskiya babu ko ɗaya. Jirgin da a sarari kamar a tsaye yake, idan ya tunkari gajimare sai a ga ashe gudu yake shararawa. Ya ɗan girgiza, komai ya koma fari ko toka-toka, ruwa ya fara bugun gilashi, ƙarar injin ma kamar ta sauya. Ido yana ta son ya leƙa waje inda ba abin gani, kowace leƙawa kuma sata ce daga lokacin agogo. Can sai karkatar ƙarya ta zo. Na'ura ta ce a miƙe ake, jiki ya rantse an kwanta hagu, har a ga matuƙi ya jingina gefe a kujerarsa yana riƙe da jirgin a miƙe. Ba ta da magani sai haƙuri da bin agogo har ta wuce. Malaman da ke neman rana mai gajimare marar hatsari su shiga da ɗalibi tun kafin jarrabawa, a ganina su ne suka sauke nauyin da ke kansu.

Kuma shaidar ba izinin shiga kowane gajimare ba ce. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 2 a duk hawan ƙafa 1,000, kuma inda sanyi ya kai matakin daskarewa, ɗigon ruwa yana zama ƙanƙara a kan fiffike ya ɓata masa siffa. A ƙasashen sanyi wannan yana jiran ƙaramin jirgi tun daga kusa da ƙasa. A yankinmu sai an kai wajen ƙafa 15,000, amma muna da namu: hadarin damina mai tsawa, wanda ko manyan jirage kewaye shi suke yi, ana ba da shawarar a ba shi tazarar mil 20.

John F. Kennedy ƙarami, da ya faɗa teku da matarsa da 'yar'uwarta a daren 16 ga Yuli 1999, ba shi da shaidar tashi da na'ura. Matuƙin helikwaftan da ya hallaka da Kobe Bryant da wasu a Janairun 2020 yana da ita, amma ya shiga gajimare ba shiri, yana gaya wa jami'in rediyo hawa yake alhali gangara yake. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na birnin Duwala. Bayan tsakar daren 5 ga Mayu 2007 jirgin Kenya Airways samfurin Boeing 737-800 ya tashi daga can zuwa Nairobi cikin duhu da hadari. Kyaftin ya ce a kunna na'urar tuƙa kai, ba ta kama ba, ba wanda ya lura. Kusan minti guda jirgin yana karkata dama sannu a hankali ba mai riƙe da shi. Da ƙararrawa ta yi kuka ya wuce digiri 30, kyaftin ya kama sitiyari, amma motsinsa ƙara karkatar ya yi. Mutum 114 suka rasu a fadamar da ke kusa da filin. Gogewar shekaru ba ta gyara kunne. Shi ya sa a Amurka wanda bai yi sauka da na'ura sau 6 cikin wata 6 ba, ba shi da hurumin tashi da na'ura sai ya sabunta.

A ƙasar Hausa, inda kwalejin Zariya take horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, abin da ya fi ɓatar da bangon duniya hazo ne. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, takan rufe Kano, Maiduguri, Sakkwato da Damagaram har gani ya gaza mita 1,000. Hazo yana da yaudarar da gajimare ba shi da ita: matuƙi ya kalli ƙasa daidai ƙarƙashinsa ya ga gonaki, ya ɗauka yana gani, alhali gabansa ba layi ba iyaka.

Sauka a irin wannan rana lissafi ce. Na'urar ILS tana aiko siginar rediyo biyu daga kusa da titin jirgi, ɗaya tana nuna tsakiyar titi, ɗaya tana nuna gangara ta digiri 3. A matakinta na farko matuƙi yana bin su har ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana ganin mita 550 a kan titin. Idan ya kai nan bai ga fitilu ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya nufi wani gari. Filin da ba shi da wannan na'ura, ko yake da ita amma lokacin da jirgin awo zai zo ya tantance ta ya wuce, yana bukatar gani mai nisa fiye da haka kafin a yarda a sauka. Fasinjan da aka ce wa jirginsa ya fasa tashi saboda hazo yakan huce a kan ma'aikatan kamfani ko ya zargi matuƙi da tsoro. Tambayar da ta fi amfani ita ce wace na'ura ke filin da za shi, kuma yaushe rabon da a tantance ta.